Ibrahim da Musa sun cika rajista, amma ba dangi ba ne

Duk wanda ya taɓa leƙa shafukan intanet masu ƙididdige sunayen dangi na ƙasashen duniya, irin su Forebears, ya danna Nijeriya, zai tarar sahun gaba duk namu ne: Ibrahim, Musa, Abubakar, Abdullahi, Mohammed, Sani, Adamu, Usman. Sai ya gangara sosai kafin ya ci karo da Okafor ko Adebayo. An sha ɗauko wannan jeri a kafa hujja da shi a Facebook da majalisun shayi na nan Jos. Wasu su ce ga shaida Arewa ta fi kowa yawa, wasu su ce ƙarya ce aka shirya don siyasa. Duka ɓangarorin sun ɗauka jerin yana auna abin da yake aunawa a Ingila ko Sin, wato girman zuriya. A ƙasar Hausa wani abu dabam yake aunawa, kuma abin yana sauyawa a gaban idonmu.

A ƙasashen da ake gadon sunan dangi daga uba zuwa ɗa, sunan yana da rai kamar na zuriyar: yana yaɗuwa, yana ƙanƙancewa, yana mutuwa. A 1873 wani Bature ɗan Ingila, Francis Galton, ya jefa tambaya a wata mujalla saboda ya lura sunayen manyan gidajen ƙasarsu suna ɓacewa. Wani limamin coci masanin lissafi, Henry Watson, ya amsa masa, kuma har yau da sunayensu biyu ake kiran wannan lissafi. Gundarinsa ba wuya. Mutumin da bai haifi namiji ba, sunan ya tsaya a kansa. Wanda ya haifi maza biyar ya ba sunan ƙafa biyar. Idan matsakaicin 'ya'ya maza da ke rayuwa su haihu bai wuce ɗaya ba, sunan zai mutu ko ba daɗe ko ba jima. Idan ya wuce ɗaya, sunaye da yawa za su mutu duk da haka, amma 'yan kaɗan da suka tsira za su kumbura su cinye filin. Suna idan ya mutu ba ya dawowa, don haka yawan sunaye raguwa yake yi tsara bayan tsara.

Sin ce misalin da aka fi kawowa, domin sun fi shekara dubu biyu suna gadon suna. Wang da Li kowanne yana da mutum kusan miliyan 100, kuma sunaye 100 kacal sun ɗauke kimanin kashi 85 cikin ɗari na mutanen ƙasar. Amma ko a can ba haihuwa kaɗai ta yi aikin ba. Sarakunan daular Tang sunansu Li, kuma sukan yi wa wanda ya yi musu biyayya kyautar sunan. A Koriya ta Kudu ƙidayar 2015 ta nuna mutum ɗaya cikin biyar Kim ne, sai dai talakawa da bayi da yawa ba su da sunan dangi sai da dokar rajista ta 1909 ta tilasta wa kowa, su kuwa suka zaɓi sunayen manya. Japan, wadda sai a 1875 ta wajabta wa talakawa sunan dangi, tana da sunaye fiye da 100,000, kuma Sato da ya fi kowanne yawa bai kai kashi 2 cikin ɗari ba. Ashe yawan suna yana ba da labarin lokacin da hukuma ta kafe shi da irin rumbun da aka ɗebo shi, fiye da labarin wane ya haifi wane.

To mu fa? Ranar suna, suna ɗaya liman yake raɗa wa jariri. Idan ana son a bambance shi da takwarorinsa sai a jingina shi da mahaifinsa, ko sana'ar gidansu, ko unguwarsu: Audu ɗan Musa, Binta 'yar Malam Iro, Sule Maƙeri, Garba Mai Goro. Da boko ya zo da rajista mai gurbi biyu, sai aka cire “ɗan” aka bar sunan uba. Musa ya haifi Ibrahim, aka rubuta Ibrahim Musa. Ibrahim ya haifi Sani, aka rubuta Sani Ibrahim. A tsara ta uku Musa ya ɓace daga takarda ko da jikokinsa sun kai ɗari. Sannan ya dawo ta wata ƙofa, domin idan Allah ya yi wa tsoho rasuwa akan mayar da sunansa ga jariri, a rubuta Musa Sani, a gida kuma a riƙa ce masa Abba ko Baba saboda alkunya. Daga nan ne ake samun sunaye masu maimaici irin na Sanusi Lamido Sanusi, jikan Sarki Muhammadu Sanusi na ɗaya. Lissafin Galton da Watson ba shi da wurin zama a nan, tunda sunan ƙarshe mutuwa yake yi duk tsara, a sake haifar sa ba tare da la'akari da yawan 'ya'ya ba.

Saboda haka wanda ya ƙirga masu “Musa” a gurbin ƙarshe, abin da ya ƙirga shi ne 'ya'yan mutanen da aka raɗa wa Musa shekara talatin zuwa saba'in da suka wuce. Ƙididdigar farin jinin sunan yanka ce ta tsarar iyaye.

Rumbun da muke ɗibar sunan yanka kuwa ƙarami ne. Annabawa, Halifofi huɗu, wasu fitattun sahabbai, sai su Abdullahi da Abdurrahman da 'yan uwansu. Bayarabe ko Ibo sunansa jimla ce guda, addu'a ko godiya ko labarin halin da gida yake ciki, kuma jimla ba ta ƙarewa, ana iya ƙera sabuwa kullum. A ce ga al'umma biyu, kowacce mutum miliyan goma. Ta farko tana raba sunaye talatin, ta biyu tana raba dubu uku. Sahun gaba na kowane jeri zai zama na ta farko zalla, alhali yawansu ɗaya. Wannan kaɗai ya isa ya rushe hujjar masu son fitar da yawan Arewa ko na Kudu daga jerin sunaye. Su kansu shafukan ba daga ƙidaya suke samo alƙalumansu ba, tattaro bayanai suke yi daga nan da can su yi kiyasi. Ƙidayarmu ta ƙarshe, ta 2006, wadda ta ba da mutum miliyan 140, ko ƙabila da addini ba ta tambaya ba.

Akwai kuma Muhammadun da suka ɓuya. Auwalu, Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu, har zuwa Ashiru, asalinsu lissafin Muhammadu ne a gida ɗaya: na farko, na biyu, na uku. Bello, Aminu, Kabiru, Bashir, Nasiru, Mustafa, da yawansu Muhammadu ne a ranar suna. Garba da Buba da Habu duk Abubakar ne, Shehu sau da yawa Usman ne, Iro Ibrahim ne, Sanda Umaru ne. Kwamfuta ba ta san wannan ba. Haka kuma tana raba Mohammed da Muhammad da Muhammed da Mohammad gida huɗu, idan aka tsallaka Nijar ta ƙara Mahamadou da Mahamane. Wa da ƙane uwa ɗaya uba ɗaya suna iya faɗawa layi biyu dabam saboda malamin firamaren da ya rubuta kowannensu.

Ko a cikin manyanmu, kaɗan ne suka yi amfani da sunan uba yadda fom yake zato. Mahaifin Muhammadu Buhari sunansa Adamu, Buhari sunansa ne na kansa. Mahaifin Malam Aminu Kano Malam Yusufu ne. Na Abubakar Tafawa Ɓalewa Yakubu, na Shehu Shagari Aliyu. Sardauna ma da Ahmadu Rabah aka san shi a Kwalejin Katsina, daga baya ya ɗauki sunan kakan mahaifinsa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Makarantun kwana na zamanin Turawa sun tara yara daga larduna, aji guda Muhammadu biyar Abubakar huɗu, sai aka koma kiran kowa da garinsu. Abin ya yi wa yaran daɗi ta wani ɓangaren, domin ɗan Bahaushe ba ya son a riƙa kwaɗa sunan mahaifinsa a fili kowace safiya. Al'adar ta zauna, ta ba mu Sa'adu Zungur, Isa Kaita, Abubakar Rimi, har zuwa Kwankwaso, Ganduje, Wamakko, Tambuwal, Masari da Makarfi. Nan ma kama da wane ba ta wane: duk ɗan garin yana da haƙƙin ɗaukar sunan, ko bai haɗa komai da gwamnan ba.

A Jos wannan tarihi a rubuce yake a jikin taswirar zaɓe. Cikin mazaɓun Jos ta Arewa akwai Ali Kazaure, Ibrahim Katsina, Garba Daho, Abba Na Shehu da Sarkin Arab. Sunayen mutane ne, kuma kowanne ya nuna hanyar da ake bi a gane mutum kafin zuwan fom: wani da garinsa, wani da wanda ya jingina da shi, wani da sarautarsa. Garin kuza ne, ya cika da baƙi tun farkon ƙarni na 20, ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso a 1914, sannan ɗiban gwamna na lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙaro dubban leburori daga lardunan Arewa. A wurin da kowa ya baro dangi a gida, sunan uba ba ya bambance kowa, don ba wanda ya san uban. Sunan gari shi ne ke aiki. Jikokin waɗannan mutane, da aka haifa a Gangare ko Dilimi ko Unguwar Rogo, wasu har yau suna ɗauke da sunan garin da ƙila ba su taɓa kwana a cikinsa ba, kuma kowa ya san yadda wannan ke zama abin magana idan an zo batun takardar shaidar ɗan ƙasa a ƙaramar hukuma. Shugaban Izala na ɓangaren Jos, Sheikh Sani Yahaya Jingir, shi kuma sunan gari ne na cikin Filato a ƙarshen sunansa.

Jos ce kuma wurin da ya fi sauƙi a ga cewa waɗannan sunaye ba na Hausawa kaɗai ba ne. Tun da aka kammala fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa a 1932, kuma coci-coci irin su COCIN da ECWA suka riƙe Hausa a matsayin harshen sujada, Kiristocin Filato da Kudancin Kaduna da Bauchi suka ɗauki Musa, Ibrahim, Yakubu, Dauda, Haruna, Ayuba, Yusufu, haɗe da Bitrus da Bulus da Ishaya. Janar Gowon Yakubu ne, kuma Angas ne. Yakubu Dogara Kirista ne daga Bogoro. Janar Ɗanjuma Jukun ne daga Takum. A ɗaya ɓangaren ga Musulmin da ba Hausawa ba: Lai Mohammed Bayarabe ne daga Kwara, Yahaya Bello Ebira ne, Ibrahim Idris da Abubakar Audu Igala ne. Ƙara Barebari da Nufawa da mutanen Auchi. Duk waɗannan suna cikin miliyoyin da shafin intanet ya tara ƙarƙashin Ibrahim da Musa. Garin da ya ga rikicin 2001 da waɗanda suka biyo baya ya san haɗarin yanke wa mutum hukunci daga sunansa, kuma ya san sau nawa hukuncin kan zama kuskure. Su ma Birom, a gefe, rumbunsu ba shi da faɗi sosai: Pam, Gyang, Dung, Davou, Chollom suna zagayawa a gurbin farko da na ƙarshe, har malamin makaranta a Bukuru yakan sha irin wahalar da na Unguwar Rimi yake sha wajen kiran rajista.

Ba wai ba mu da sunayen zuriya ba ne. Muna da su, ba su dai shiga takarda ba. Fulanin Gini da Mali da Senegal suna rubuta Diallo, Bah, Barry, Sow, sunan ƙabilar cikin gida ya zama sunan fasfo. Fulanin ƙasar Hausa sun san wane Basulluɓe ne, wane Batoranke, wane Bayole, 'yan kasuwar Kano sun san Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, amma wannan ilimi a baki ya tsaya, ana fito da shi ranar neman aure ko neman sarauta. Gidajen da suka kafe suna tun da wuri su ne waɗanda sunan ya zame musu jari. Alhassan Ɗantata ya rasu a 1955, ɗansa Aminu ya riƙe sunan har rasuwarsa a 2025, jikoki da tattaɓa-kunne suna riƙe da shi. Haka 'Yar'aduwa, sunan unguwa a Katsina, daga Musa zuwa Shehu da Umaru. Haka Bayero, daga Sarki Abdullahi zuwa Ado zuwa 'ya'yansa. A kan irin waɗannan ne kaɗai lissafin Galton yake aiki a wurinmu, kuma da ƙarfi, domin gida mai mata huɗu yana iya ba suna ƙafa ashirin a tsara guda. Idan ka ji Ɗantata ka san gida. Idan ka ji Abubakar ba ka san komai ba tukuna.

Abin da ke faruwa yanzu shi ne sauran jama'a ma ana kafe musu suna, ba tare da wata doka ta ce a yi hakan ba. Lambar BVN ta bankuna ta zo a 2014. A Disambar 2020 aka ce a haɗa layin waya da lambar NIN, daga 2021 JAMB ta ce ba NIN ba rajista. Kafin nan mutum yana iya zama Sani Ibrahim a makaranta, Sani Mai Shayi a kasuwa, Muhammad Sani a banki, ba wanda ya damu. Yanzu harafi ɗaya ya saɓa, sai rantsuwa a kotu da sanarwar sauya suna a jarida da layi a ofis. Ma'aikacin da ke Abuja kuma ya gano cewa idan sunansa na ƙarshe dabam, na matarsa dabam, na 'ya'yansa dabam, zai sha tambaya a wajen biza da inshorar lafiya da fansho. Sai ya nemi sauƙi.

Sauƙin da aka samu shi ne gurbin tsakiya. Sani Ibrahim ya haifi Fatima, ya rubuta Fatima Sani Ibrahim: sunanta, na uba, na kaka. A ido kamar an ƙara tsawon nasaba ne, ba abin da ya ɓaci. Amma a kwamfuta sunan danginta Ibrahim ne, Sani kuwa yakan taƙaice ya koma harafin S. Ƙaninta Umar Sani Ibrahim idan ya girma ya haihu, mai yiwuwa Khalid Umar Ibrahim zai rubuta, don yaron ya dace da takardun gidan. Gurbin tsakiya na juyawa, na ƙarshe ya tsaya cak. Kamar mai hoto ne ya danna kyamara a tsakiyar kasuwar Terminus, wanda ya faɗo a ciki ya faɗo, ba don ya fi kowa ba. Kakan da ya yi sa'ar kasancewa a gurbin ƙarshe lokacin da aka yi rajistar NIN, shi ne zai zama sunan zuriya.

An taɓa yin haka a wasu wurare, kuma mun san sakamakon. Mutanen Denmak da sunan uba suke amfani, ɗan Jens ya zama Jensen, ɗan Niels ya zama Nielsen, har dokar 1828 da ta 1856 suka kafe sunayen. Da yake rumbun sunayensu ƙarami ne irin namu, sai ƙasar ta cika da Jensen da Nielsen da Hansen da ba su haɗa jini ba. A yankin Wales na Birtaniya ɗan John ya zama Jones, yau fiye da mutum ɗaya cikin ashirin Jones ne. Hanyar da muka ɗauka ke nan, da bambancin cewa mu yawanmu ya ninka nasu sau da yawa, ga shi cikin 'yan shekaru ake yi mana abin da ya ɗauke su tsararraki.

A ganina an yi gaggawar karɓar fom ɗin yadda ya zo. Saudiyya da Sudan suna rubuta sunan mutum da na uba da na kaka, kowanne a gurbinsa. Habasha da sunan uba da na kaka take ba da fasfo. Aisland tana cikin Turai, tana da kwamfuta fiye da mu, amma har yau yawancin mutanenta sunan uba suke ɗauka, littafin lambobin wayarsu ma da sunan farko aka jera shi. Ba na'ura ce ta ƙi tsarinmu ba, wanda ya zana fom ɗin ne bai yi tunaninmu ba. Kuma abin yana da nauyi a addini, domin aya ta 5 ta Suratul Ahzab ta ce a kira mutane da iyayensu maza, kan ta ne malamai da yawa suke kafa hujjar hana mace sauya sunan mahaifinta da na miji. Matan shugabanni, daga Maryam Babangida zuwa Turai 'Yar'aduwa da Aisha Buhari, da sunan miji aka san su, matan ma'aikata da yawa sun bi sahu, kuma kowace ɗaya ƙari ce a ƙididdigar sunan da ba na gidansu ba.

Jerin da za a gani nan da shekara hamsin zai yi kama da na yau a sama, amma dalilinsa zai sauya. Da an bar tsohon tsari, yaran da ake raɗa wa Sudais da Affan da Khalifa da Mus'ab a Rikkos da Gwarimpa yanzu, su ne za su cika gurbin ƙarshe idan sun haihu, Musa da Adamu su ja baya. Idan suna ya kafe, waɗannan sabbin za su tsaya a gurbin farko da na tsakiya. Tanko, Jatau, Ɓarau, Gambo, Mato, Cindo, waɗanda iyayen birni suka daina raɗawa, za su tsira a gurbin ƙarshe na gidajen da kakansu ya zo da su. A karkara, inda malamin firamare har yanzu “sunan babanka” yake tambaya, tsohon tsari zai daɗe yana tafiya, don haka ƙasar za ta yi shekaru da tsari biyu a rumbun bayanai ɗaya, ba alamar da ke nuna wane Ibrahim ne uba, wane ne kaka. Denmak kuwa, bayan shekara 178 da dokarta ta farko, ta sake halatta wa iyaye su ba ɗa sunan ubansa ko na uwarsa a sabuwar dokar suna da ta fara aiki a 2006.